TARIHI: Daga Toda zuwa turakun burtali, yadda ƙasar Maraɗi ta koyi zaman sulhu a kan gona, icce da ruwa



Duk shekara in kaka ta yi, hatsi ya nuna, garken shanu suka fara gangarowa daga arewa, hankalin magabata yakan tashi a jihar Maraɗi. A lokacin ne za ku ji sanarwa a gidajen rediyo: gwamna ya tsaida ranar sakin gonaki, manoma su gaggauta kwashe amfaninsu, makiyaya su dakata sai ranar ta yi. Da yawa cikin matasanmu sun tashi sun tarar da wanga tsari, suna ganin kamar haka abin yake tun fil azal. To, ba haka ba ne. Ranar sakin gonaki, da turakun siminti da kuke gani a gefen burtali, da kwamitin da ke zama ƙofar gidan mai gari in an yi ɓarna, kowane da tarihinsa. Wani ma sai da jini ya zuba kafin a same shi.

Yau za mu bi wanga tarihi daki-daki. Kuma abin da za ku lura da shi guda ne: duk tsarin da aka yanko daga sama aka ɗora wa mutane a kan ƙasa ko icce ko ruwa, bai daɗe ba. Wanda ya daɗe shi ne wanda aka zauna aka yi shi da mutumin da zai yi asara, tun ɓarna ba ta faru ba.

LOKACIN DA DAJI YA FI MUTANE YAWA

Maraɗi da Tibiri 'ya'yan gulbi ne. Bayan birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Katsina ya yi ta yawo har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tibiri ƙarƙashin Sarkin Gobir Mayaƙi. Garuruwan biyu duk a bakin Gulbin Maraɗi suke, gulbin da ke tasowa daga Najeriya, ya shigo ta ƙasar Madarumfa, ya bi ta Jiratawa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima.

A wancan zamani na yaƙe-yaƙe, mutane a cunkushe suke cikin kwari, kusa da ganuwa. Tudu kuwa daji ne, sai mahalba da masu kiwo. Sai da yaƙi ya kwanta a farkon mulkin Nasara sannan iyalai suka fara fita suna sare daji, suna kafa ƙauyuka. Shi ya sa kuke ganin garuruwa da yawa masu sunan "Gidan wane" ko "Garin wane": sunan wanda ya fara kafa bukka a wurin ne. Shi kansa birnin Maraɗi sai a 1945, da ambaliya ta cinye tsohon gari, aka tada shi aka hau da shi tudu inda yake yanzu.

A lokacin, tsakanin manomi da makiyayi akwai bukatar juna ta gaske. In an gama girbi, mai gona da kansa ke zuwa ya roƙi Bafillace ya sauka gonarsa. Shanu su ci kara, su bar taki. Mai gona ya ba da damen hatsi, matan ruga su kawo nono da mai. Manomin da ya samu 'yar saniya, hannun Bafillace yake ba da ita kiwo. Ba wai ba a faɗa ba ne, ai ko harshe da haƙori suna saɓawa. Amma in shanu sun yi ɓarna, mai gari da hardo sukan zauna, a je a duba, a yanke abin da za a biya, a wuce wurin. Kowane ɓangare ya san baɗi ma yana bukatar ɗan uwansa, don haka ba wanda ke son ya ɓata hanya.

YADDA ƘASA TA ƘANƘANCE

Abu na farko da ya canja lissafi shi ne gujiya. Nasara yana son haraji da kuɗi, kuɗi kuwa gujiya ke kawo su. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 Maraɗi ta zama babbar kasuwar gujiya, har gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don saye da fitar da ita. Arzikin alhazan Maraɗi na farko da yawa daga nan ya taso. Amma kowace gonar gujiya, wani yanki ne na daji da ya tafi. Daga baya garmar shanu ta zo, mutum guda ya iya nome abin da a da sai gayya.

Na biyu, yawan jama'a. Ƙidayar 1988 ta samu mutum kusan miliyan 1 da dubu 400 a jihar Maraɗi. Ƙidayar 2012 ta samu miliyan 3 da dubu 400. Ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta. Hutun gona da aka sani, inda ake barin fili shekara da shekaru bisashe na kiwo a ciki, ya ɓace a kudancin jiha.

Hukuma ta ga abin tun da wuri. A watan Mayu 1961 aka yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, wadda a jiharmu ta ratsa can wajen kwarin Tarka a ƙasar Dakwaro. Arewa da iyakar ƙasar kiwo ce, wanda ya yi gona can bisa ta ci ba a biyansa. Doka ce mai ma'ana, amma a Yamai aka rubuta ta, kuma yunwar ƙasa ba ta karanta jaridar gwamnati. Gonaki suka yi ta tsallake iyakar.

Sai kuma jawabin Shugaba Seyni Kountché na watan Disamba 1974, inda ya ce gona ta wanda ke nomanta ce. Niyyar ita ce a kare talaka daga masu ƙasa. Amma abin da ya biyo baya: mai fili ya ji tsoron ba da aro, ya ji tsoron barin gona ta huta kar wani ya shiga. Kowa ya kama sassabe don ya nuna nan nasa ne. Shi kuwa makiyayi, tunda kiwo ba ya barin kunya a ƙasa, wurin da ya shekara arba'in yana kiwo sai a ce fili ne da ba mai shi.

Fari ya ƙarasa sauran. Na 1973 zuwa 1974, da na 1984 wanda dattawa ke kira El Buhari, sun kashe garke masu yawa. Makiyaya suka saida abin da ya rage da arha, manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata suka saye. Nan ne igiyar ta tsinke. Manomi ya zama yana da bisashensa a gida, to me zai sa ya bar wa wani kara? Sai ya kwashe kara da harawa tas, ya ɗora kan rumfa ko kan icce, ya ba nasa, in rani ya yi ya kai saura kasuwa. Taki kuma ga na gida, ga na zamani da ke shigowa daga Najeriya. Baƙon da a da ake roƙo ya sauka, yanzu ya zama wanda ake tsaro. Burtali kuwa, wannan ya ci taki ɗaya, na gefensa ya ci biyu, har hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma wadda ko amalanke da ƙyar.

ICCEN GWAMNATI DA ICCEN MAI GONA

Kafin mu je ga abin da wanga matsi ya haifar, mu tsaya kan maganar icce, don darasin farko daga nan ya fito.

Tun dokar Nasara ta 1935 a kan gandun daji, sannan dokarmu ta watan Maris 1974, itatuwa masu daraja irin su gawo suna ƙarƙashin kariyar hukuma ko da cikin gonarka suke. Ka sare reshe ba takarda, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. An yi dokar don a tsare icce, amma ku dubi yadda talaka ya fassara ta: iccen da ke gonata ba nawa ba ne, kuma in ya girma shi zai jawo mini tara, ko wani ya zo da dare ya sare a kama ni. To gara in tumɓuke shi tun yana tsiro. A lokaci guda malaman gona suna koya wa mutane cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share fes. Haka ƙasar Maraɗi ta koma fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau biyu sau uku kafin ta kama.

A watan Mayu 1984, cikin tsananin fari, a nan birnin Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada, wanda ya fitar da abin da ake kira Alkawarin Maraɗi. An yi kira a dasa itatuwa ko'ina, kuma an amsa cewa sai an sa jama'a cikin aikin. An dasa da yawa, amma kaɗan suka rayu, don iccen kowa da kowa ba mai ba shi ruwa.

A daidai wannan lokaci wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya gaji da dashen da ba ya kamawa. A 1983 ya lura cewa 'yan tohon sabara da kalgo da geza da ake sarewa kowace bazara, ba ciyawa ba ne: kututtura ne masu rai, saiwarsu na nan ƙasa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bar su, ka datse saura, cikin 'yan shekaru ka samu icce. Shi ne abin da muke kira sassaben zamani. Dabara ce da wasu manoma suka sani tun da, musamman a ƙasar Damagaram inda gawo ke da daraja tun zamanin sarakuna, amma a nan an watsar da ita.

Lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100: ka bar icce a gonarka, a ba ka hatsi. Dubban ɗaruruwan itatuwa suka tashi. Da rabon abinci ya ƙare fa? Aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Kun gani ko? Abin da aka yi don buhu, yakan tafi tare da buhu. Sai waɗanda suka bar nasu suka fara ganin amfani: ga makamashi, ga abincin bisashe, ga hatsi ya fi kyau inda iska ba ta dukansa. Kuma aka samu fahimta da ma'aikatan gandun daji na jiha suka sassauta, aka bar mai gona ya amfana da iccen da ya raina. Nan ne abin ya kama da kansa, daga maƙwabci zuwa maƙwabci.

Amma da icce ya dawo, sai sabuwar rigima ta taso. Masu saran dare suna kai wa kasuwa. Makiyayi yana sassake rassan gawo ya ba bisashensa, don gawo shi ne iccen da ke da ganye da rani lokacin da komai ya bushe. Garin Ɗan Saga da ke gundumar Agye ya yi suna wajen warware wanga matsala. Da tallafin wani furoje na asusun FIDA, mutanen garin suka kafa kwamitin sa ido, suka tsara dokokinsu da tararsu da kansu. Abin lura shi ne waɗanda aka sa ciki: akwai manoma, akwai mata tunda su ke neman icce, akwai kuma Fulanin da ke zaune yankin. Da an bar makiyayi a waje, da dokar ta zama tarkon kama shi. Da aka sa shi ciki, sai ta zama yarjejeniyar yadda za a datse reshe ba a kashe icce ba.

Binciken da masana suka yi da hotunan sama a shekarun 2000 ya kiyasta cewa fili wajen hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram, icce kamar miliyan 200. Doka ma daga baya ta biyo sawun talaka: sabuwar dokar gandun daji ta 2004, sannan dokar 2020 da ta amince da haƙƙin mai gona a kan iccen da ya raina.

TODA, OKTOBA 1991

Mu koma kan gona da burtali. A ƙarshen watan Oktoba 1991, lokacin da wakilan ƙasa ke Yamai suna kammala Babban Taron Ƙasa da aka buɗe tun 29 ga Yuli, wani abu ya faru a Toda, cikin ƙasar Gidan Runji, ba nisa da Tibiri. Rigima ce irin wadda aka saba a lokacin kaka, ta ɓarnar gona. Ta kai ga rasa rai. Sai aka yi gayya aka auka wa mazaunin Fulani. Mutum sama da 100 suka mutu, mafi yawansu mata da ƙananan yara, mutanen da ba su kora saniya gonar kowa ba.

Ba don tada tsohon miki muke ambaton Toda ba. Muna ambatonta ne don wanda bai san ta ba zai ɗauka zaman kwamiti ɓata lokaci ne. Toda ba ta faɗo daga sama rana ɗaya ba. Shekaru ne na burtalin da aka cinye ba wanda ya tanka, na ɓarnar da aka yi ba a biya ba, na tarar da aka yanke fiye da ƙima, na ƙarar da aka kai aka ga mai kuɗi ya ci. Kowane ɓangare yana da tarin abin da ke cinsa a rai, kuma ba wurin da zai kai ya yarda za a yi masa adalci. Ga hukuma a lokacin ta yi rauni, hankali duk ya koma siyasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

KOD RIRAL: DA AKA FARA TAMBAYAR MUTANE

Aikin tsara kundin dokokin karkara, wanda muka fi sani da Kod Riral, an fara shi tun 1986, ana zagaya jihohi ana jin bakin sarakuna, manoma da makiyaya. Makiyaya su ma sun fara haɗa kai, ƙungiyar AREN an kafa ta a 1990. Bayan Toda kowa ya gane aikin na gaggawa ne. Ranar 2 ga Maris 1993 aka sa hannu kan kundin.

Manyan abubuwa uku ya kawo. Ya amince cewa mallakar gargajiya mallaka ce, ko ba takardar bariki. Ya amince cewa kiwo ma raya ƙasa ne, kuma burtali da wuraren kiwo da mashaya na jama'a ne, ba mai ikon maida su gonarsa. Sannan ya kafa kwamitocin kula da filaye, su ne Kofo: na gunduma ƙarƙashin perefe, na kwamin ƙarƙashin magajin gari, da na ƙauye ƙarƙashin mai gari ko hardo. A kwamitin ƙauye akwai kujerar manoma, ta makiyaya, ta mata, ta matasa da ta sauran masu amfani da daji.

A nan akwai abin da mutane da yawa ke ruɗewa. Kofo ba kotu ba ce. Aikinta rigakafi: ta shaida saye da sayarwa, kyauta, aro da jinginar gona a rubuce, ta san iyakar burtali da ta wurin kiwo, ta faɗakar. In rigima ta tashi, sulhu na hannun sarakunan gargajiya, daga mai gari ko hardo zuwa sarkin kanto, har zuwa fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ko ta Sarkin Gobir a Tibiri. In ɓarnar gona ce, a je a gani da ido, da wakilin manoma da na makiyaya da malamin gona da na dabbobi, a ƙiyasta. In an shirya a rubuta takardar sulhu. In ba a shirya ba a rubuta cewa ba a shirya ba, sannan magana ta wuce gaban alƙali. Ba wanda doka ta ba ikon ya yanke wa kansa hukunci, ko mai gona ko mai sanda.

Inda aka fi ganin amfanin wanga tsari a jiharmu shi ne aikin burtali. Daga ƙarshen shekarun 1990, wani shiri mai suna PASEL, da tallafin ƙasar Suwis, ya shiga aikin maido da hanyoyin bisashe. Kuma ba da siminti aka fara ba. Da taro aka fara. A tara sarakuna, masu gonakin da ke bakin hanya, shugabannin makiyaya da 'yan Kofo. A bi burtalin da ƙafa, dattawa su nuna inda yake a da: daga wancan tsamiya zuwa waccan rijiya. A yi ta ja-in-ja kan faɗinsa, wani lokaci zama ya watse a sake dawowa. Sai an yarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, sannan a kafa turaku, a naɗa masu sa ido. Manomin da ya saki kunya biyar na gonarsa a gaban jama'ar garinsu, da bakinsa, ya fi wuya ya koma ya nome su, fiye da wanda jandarma ya kora. Turken da aka kafa ba a yi wanga zama ba, damina ɗaya sai ka tarar da shi kwance.

A watan Mayu 2010 aka ƙara da dokar kiwo, wadda ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta hana kowa mallake filin kiwo, ta kuma sake tabbatar da iyakar 1961.

JIRATAWA DA RUWAN GULBI

Darasin bai tsaya kan tudu ba, ya shafi fadama. A farkon shekarun 1980 aka gina filin noman rani na Jiratawa, hekta sama da 500, da rijiyoyin burtsatse da injinan lantarki, ƙarƙashin kulawar ONAHA, hukumar da aka kafa a 1978. Da farko ma'aikata ke faɗin abin da za a shuka da ranar da za a ba da ruwa. Bayan taron Damagaram na 1982, gwamnati ta yanke cewa a miƙa tafiyar da irin waɗanga filaye ga ƙungiyoyin manoma.

Duk wanda ya san noman famfo ya san inda rigimarsa take: layin ruwa, da kuɗin ruwa. Na kusa da famfo ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen kwata yana jira. Mutum kaɗan su ƙi biyan kuɗinsu bayan girbi, takardar lantarki ta taru, a yanke wuta, zogala da tumatirin kowa su bushe har na wanda ya biya. Ba jandarman da zai iya tsaron kowace kwata dare da rana. Abin da ke riƙe da wurin shi ne zaman ƙungiya, inda ake karanta lissafi a fili, a tsara layi, a san wa ya biya wa bai biya ba. Shekarar da shugabanni suka daina kiran taro, a shekarar zargi ke farawa.

Shi kuma gulbin kansa, maganarsa ta wuce iyaka. Najeriya ta gina madatsar Jibiya a kan ruwan da ke ciyar da Gulbin Maraɗi. Ranar 18 ga Yuli 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka haɗa, har da wanga gulbi. Takarda ce mai kyau. Amma ku tambayi masu lambu daga Madarumfa zuwa Tibiri, za su gaya maku gulbi ba ya malala fadama kamar da, kuma dattawa sun san rijiyar da a da ake ɗiba da hannu yanzu sai da doguwar igiya. Bambancin wagga yarjejeniya da ta burtali a bayyane yake: a ta burtali mai gona da mai shanu suna zaune, a ta Maiduguri kuwa mai lambun Jiratawa da na Jibiya ba su da kujera. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

INDA AIKI YA RAGE

Kar wani ya karanta wanga rubutu ya ce an gama. Ƙauyuka da yawa Kofonsu suna ne kawai, ba rajista, ba kuɗin zagaye, sai in furoje ya zo. Wani wuri kujerar makiyaya an ba manomin da ke da tumaki biyar, shi kuwa mai wucewa da garke, wanda da shi ake rigimar, ba a san da shi ba. Kujerar mata sau da yawa ta cika lissafi ce. Birnin Maraɗi yana ta faɗaɗa, ana yanka filaye ana cinye gonaki da hanyoyin bisashe na kewaye. Kuma yau babban mai cin wurin kiwo ba talaka mai hauya ba ne, mai kuɗi ne da waya da takarda.

Ga kuma sabuwar fitina ta 'yan bindiga a bakin iyaka, wadda tun 2019 ta koro dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa ƙasar Gidan Runji, ta kuma addabi ƙauyukan Madarumfa. Hatsarin da ke ciki shi ne a fara yi wa kowane mai sanda da rawani kallon ɓarawo, alhali shi ma shanunsa ake kora. Abin da ya faru a Zamfara ya isa ishara: can ma rigimar gona da burtali da ramuwar gayya na cikin abin da ya hura wutar.

Don haka, jama'a, ga tambayoyin da ya kamata kowane gari ya yi wa kansa tun hatsi bai shiga rumbu ba. Kofon garinmu yaushe rabon da ta zauna? Wa ke zaune kujerar makiyaya, kuma su suka zaɓe shi? Turakun burtalinmu suna tsaye? Aron gonar da muka yi bara, an rubuta? In an yi ɓarna daren yau, yaranmu sun san ƙofar da za su fara bugawa, ko gora za su ɗauka?

Wanda ya san yadda aka yi zaman burtali a garinsu, ko yadda kwamitin icce ke aiki a yankinsu, ya rubuto mana a ƙasa don wasu su ƙaru. Amma don Allah a kiyaye harshe, ban da zagin ƙabila.

Allah shi jiƙan waɗanda suka rasu a Toda da sauran wurare, shi ba mu kaka mai albarka, shi zaunar da jihar Maraɗi da Nijar baki ɗaya lafiya. Amin.